Tambayoyi da Amsoshi kan Kiwon Kaji a Bayan Gida da Ƙyanƙyasar Ƙwai

Waɗannan su ne tambayoyin da masu ƙaramin kiwo suka fi yi, musamman wanda ya sayi injin ƙyanƙyasa karon farko, ko wanda kazarsa ta fara kwanci. Mun fi tsayawa a kan ƙwai, domin a nan asara ta fi yawa, kuma yawancinta daga hannun mai kiwo take fitowa, ba daga kaza ba. Duk zafin da aka ambata a ma'aunin Salsiyos yake.

Kaji nawa zan fara da su, kuma yaya akurkin zai kasance?

Kaji 5 zuwa 10 sun isa wanda yake koyo. A cikin akurki kowane murabba'in mita ɗaya yana ɗaukar kaji 3, a filin da za su yi kiwo kuwa a ba kowace kaza aƙalla murabba'in mita ɗaya. A gitta musu sanda ta kwana, kowace kaza ta sami santimita 20 zuwa 25, sannan gurbin ƙwai ɗaya ga kaji 4 ko 5, mai faɗi da tsawo da tsayi kamar santimita 30.

Iska ta fi komai muhimmanci. A bar tagogi a sama, kusa da rufi, a toshe su da ragar waya mai ƙananan ido. Idan ka shiga akurki da safe warin kashi ya sa idonka yaji, to huhun kajin ya daɗe yana shan wahala. A shimfiɗa dusar katako ko ƙaiƙayi mai kaurin santimita 8 zuwa 10, a riƙa kwashe inda ya jiƙe. Ɓera da maciji da muzuru ta ƙasa da ƙananan ramuka suke shiga, shaho da shirwa ta sama, don haka a duba duka biyun.

Sai da zakara kaza take yin ƙwai?

A'a. Kaza tana yin ƙwai ko babu zakara, sai dai irin wannan ƙwan ba ya ƙyanƙyashewa. Idan tsaki ake so, zakara ɗaya ya isa kaji 8 zuwa 10. In kajin sun fi haka yawa, wasu ƙwan za su fito babu iri. In zakarun ne suka yi yawa, faɗa zai ci lokacinsu, bayan kajin kuma ya tsige. Bayan an haɗa su a jira mako ɗaya kafin a fara tara ƙwan ƙyanƙyasa. Kaza tana riƙe irin zakara a jikinta har mako biyu, wani lokaci fiye, saboda haka wanda ya sauya zakara yana son tsakin sabon zalla, sai ya jira mako uku.

Wane ƙwai ake zaɓa?

Matsakaici, mai tsafta, mai lafiyayyen ɓawo. A ware wanda ya yi girma fiye da kima, domin sau da yawa gwaiduwa biyu gare shi kuma da wuya ya ƙyanƙyashe. A ware ƙanana na kazar da ta fara ƙwai, da mai siffar da ta karkace, da mai ɓawo kamar yashi. A haska kowanne da tocila kafin a saka, za a ga siririn tsagun da ido ba ya gani da rana.

Kada a wanke shi. Ɓawon ƙwai yana da dubban ƙananan ƙofofi da tayi ke numfashi ta cikinsu, kuma kaza tana lulluɓe shi da wani siririn rufi da ke tare ƙwayoyin cuta. Ruwa yana wanke wannan rufin, ruwan sanyi kuma har jawo dattin yake yi zuwa ciki. Ɗan tabo kaɗan a kankare shi da busasshen ƙyalle. Wanda kashi ya ɓata sosai a bar shi, bai cancanci ya shiga inji ya gurɓata sauran ba.

Kwana nawa ƙwai zai iya jira kafin a saka shi?

Kwana 7 ne iyakar da ta fi aminci. Bayan kwana 10 yawan waɗanda za su ƙyanƙyashe yana raguwa kullum, waɗanda suka fito ma sukan makara. A jera shi a kiret, tsinin yana ƙasa, mai faɗin yana sama, domin a can gurbin iska yake. Zafin ajiya mafi kyau shi ne digiri 12 zuwa 16. Firji ya yi sanyi da yawa. Zafin da ya haura digiri 25 kuwa yana sa tayi ya fara girma kaɗan-kaɗan, bai tsaya ba, bai tafi daidai ba, sai ya raunana tun kafin ya shiga inji. Wannan ne ya sa a lokacin zafi ake kwashe ƙwai sau biyu ko uku a rana, a kai shi ɗakin da ya fi sanyi a gidan, kuma a gajarta ajiyar zuwa kwana 3 ko 4. A riƙa tokare gefe ɗaya na kiret ɗin yau, gobe ɗaya gefen, don kada gwaiduwa ta manne da ɓawo. A rubuta ranar da aka ɗauki kowanne da fensir.

Ƙwan da ya sha tafiya a mota a bar shi ya huta awa 12 zuwa 24, tsini a ƙasa, kafin a saka. Ko da haka, kada a sa masa rai kamar na gida.

Kaza mai kwanci ko inji, wanne ya fi?

Ga mai ƙwai goma, kaza ta fi. Ba ta buƙatar lantarki, ita ke juya ƙwan, ita ke daidaita zafi, kuma bayan ƙyanƙyasa ita ke ɗumama tsakin ta koya musu ci. Matsalarta ita ce ba a ba ta umarni: sai lokacin da jikinta ya so take kwanci, kuma tana daina ƙwai har tsawon wata biyu zuwa uku tana raino. Kajin da aka ƙirƙira don yawan ƙwai kuwa galibinsu ba sa kwanci sam. Inji yana ba ka damar zaɓar rana da adadi, amma duk aikin uwar ya dawo kanka, kuma kuskure ɗaya yana shafar ƙwan gaba ɗaya.

Yaya ake kula da kaza mai kwanci?

Alamarta a fili take: tana kwana a gurbi, tana kumbura gashi tana ƙara idan an matso, gashin ƙirjinta ya zube. A gwada ta kwana biyu ko uku a kan ƙwan da ba a damu da shi ba. In ta zauna daram, sai a saka mata na gaske da dare, duka a lokaci guda. Ƙaramar kaza ƙwai 8 zuwa 10, babba 12. Idan kana hango ƙwai ta gefen fiffikenta, sun yi mata yawa, kuma da yake tana jujjuya su, kowanne zai sha sanyi a nasa lokacin.

A keɓe ta daga sauran. In ba haka ba wasu kajin za su riƙa hawa suna ƙara mata sabon ƙwai, ranar ƙyanƙyasa ta tashi da tsakin da suka fito ta bar sauran. In keɓewa ba ta yiwu ba, a yi wa nata alama da fensir, a riƙa kwashe baƙin kullum. A ajiye ruwa da abinci ɗan nesa kaɗan, yadda sai ta tashi. Fitar minti 15 zuwa 30 a rana ba ta cutar da ƙwan. A duba ƙarƙashin fiffikenta da gurbin saboda ƙwarƙwata da ƙananan ƙwarin da ke shan jini da dare, domin su ne suka fi sa kaza ta watsar da ƙwanta ana tsakiyar kwanci.

Kwana nawa kowane irin ƙwai yake yi?

Na kaza kwana 21. Na zabuwa 26 zuwa 28, na talo-talo 28, na agwagwa 28, amma agwagwar nan mai jan nama a fuska tata 35 ce. Na tattabara kimanin 18. Ba a ƙirga ranar da aka saka. Washegari ce rana ta ɗaya. Wanda yake son haɗa ƙwan zabi da na kaza a ƙarƙashin uwa ɗaya, ya fara saka na zabin, bayan mako ɗaya ya ƙara na kazar, don su fito kusan tare.

Nawa ne zafin da ya dace a inji?

Injin da ke da fanka, digiri 37.5. Wanda babu fanka, digiri 38.5 zuwa 39, a auna daidai saman ƙwai, domin a irinsa sama ta fi ƙasa zafi. Bambancin rabin digiri da ya daɗe yana bayyana a ranar ƙyanƙyasa: in zafi ya ɗan yi yawa tsaki su fito da wuri, ƙanana, cibiya ba ta rufe ba, in ya yi ƙasa su makara da kwana ɗaya ko biyu, jiki a mace. Zafin da ya wuce digiri 40.5 yana kashe tayi cikin 'yan awoyi. Ƙwai ya fi jure sanyi a kan zafi nesa ba kusa ba.

Kada a gaskata lambar da ke fuskar injin kai tsaye. A sami ma'aunin zafin jiki irin na asibiti, a gwada shi da wanda za a saka a inji cikin ruwan ɗumi guda, a ga bambancinsu. A kunna injin babu komai ciki awa 24 kafin a saka ƙwai, a auna tsakiya da kusurwoyi. A ajiye shi inda rana ba ta faɗo masa ta taga, nesa da ƙofar da ake yawan buɗewa. Da zarar an saka ƙwai zafin zai sauka na wasu awoyi. Kada a taɓa saitin, zai dawo da kansa. Masu ƙara wuta a wannan lokacin su ne ke dafa ƙwansu a daren farko.

Danshi fa? Ruwa nawa ake zubawa?

Daga rana ta 1 zuwa ta 18, danshi kashi 45 zuwa 55 cikin 100. Kwana ukun ƙarshe a ɗaga shi zuwa 65 ko 70. Amma gane dalilin ya fi haddace lambar amfani. Ƙwai dole ya yi asarar ruwa ta ƙofofin ɓawonsa, kimanin kashi 11 zuwa 13 cikin 100 na nauyinsa kafin rana ta 18. Ruwan da ya fita shi ke faɗaɗa gurbin iska, kuma a cikin gurbin nan tsako yake fara numfashi kafin ya huda ɓawo. In danshi ya yi yawa tun farko, gurbin zai zama ƙarami, tsako ya kumbura ya kasa juyawa, ko ya huda tantanin ya tarar da ruwa. In ya yi ƙasa sosai, tsako ya bushe, ya fito ƙarami, tantanin ya manne masa.

Hanya mafi inganci ita ce awo. A sami ƙaramin sikeli, a auna ƙwai biyar ranar sakawa, a rubuta. Mai giram 60 ya kamata ya koma kusan giram 57 a rana ta 7, sannan 52 zuwa 53 a rana ta 18. In nauyin ba ya sauka yadda ya kamata, a rage ruwa. In yana sauka da sauri, a ƙara. A lokacin damina, inda iska ke cike da laima, wani injin ba ya buƙatar ruwa ko kaɗan sai ƙarshe. A lokacin da iska ta bushe ƙayau kuwa, sai an cika dukkan mazuban ruwan injin.

Faɗin saman ruwan ne ke ƙara danshi, ba zurfinsa ba. Cika kwano har baki bai fi rabinsa ba da danshi ba, daɗewa kawai zai yi. In ana son ƙari, a sa kwano na biyu ko jiƙaƙƙen soso. A yi amfani da ruwan ɗumi. Shi ma ma'aunin danshi ana gwada shi: a jiƙa gishiri a murfin kwalba yadda zai yi kamar jiƙaƙƙen yashi, a rufe shi tare da ma'aunin a leda mai toshewa na awa 8 zuwa 12. Ya kamata ya nuna 75. In ya nuna 68, ka san kullum sai ka ƙara 7 a kan abin da ya faɗa.

Sau nawa ake juya ƙwai?

Aƙalla sau 3 a rana, sau 5 ya fi. Adadin ya zama mara, don kada ƙwai ya kwana a gefe ɗaya dare biyu a jere. A yi alama ɗaya a wannan gefen, wata daban a wancan, da hannu mai tsafta marar mai. Juyawar tana hana tayi mannewa da tantani, kuma makon farko ne ta fi muhimmanci. Injin da ke juyawa da kansa ma a riƙa leƙa shi, domin ƙaramin motarsa kan tsaya ba tare da wata ƙara ba. A daina juyawa a rana ta 18.

Yaya ake haska ƙwai, kuma me ake nema?

A ɗaki mai duhu, a ɗora tocila mai ƙarfi a ɓangaren mai faɗi. A rana ta 7, ƙwai mai rai yana nuna ɗigo mai duhu da jajayen jijiyoyi sun bazu daga gare shi kamar ƙafafun gizo-gizo. Wanda haske ya ratsa shi tas, sai inuwar gwaiduwa kawai, babu iri a cikinsa. Wanda ya nuna jan zobe ya zagaye shi, tayi ya fara sannan ya mutu. A rana ta 14 duhun ya kama fiye da rabi, har ana ganin motsi. A rana ta 18 duk ya yi duhu in ban da gurbin iska, wanda ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku, bakinsa a karkace.

Wanda ake shakka a sa masa alama a sake dubawa bayan kwana uku. Ƙwai mai duhun ɓawo, irin na zabuwa, yana da wuyar gani. Amma duk wanda ke wari ko yake tsattsafo da ruwa a jikin ɓawo, baragurbi ne. A cire shi nan take a hankali, domin in ya fashe a inji zai watsa wa sauran cuta.

Idan wuta ta ɗauke fa?

Kada a buɗe injin. A lulluɓe shi da bargo, a bar ƙofofin iska a buɗe, musamman bayan rana ta 14 da tayi ke buƙatar iska da yawa kuma yake fitar da nasa zafin. In abin zai daɗe, a sa kwalaben ruwan ɗumi a naɗe da ƙyalle, ba tare da sun taɓa ƙwai ba, ana duba ma'auni. Ɗaukewar 'yan awoyi ba ta cika kashe tayi ba, jinkirta shi take yi. Kada a zubar da ƙwan, a ci gaba, a haska bayan kwana biyu ko uku. Da wuta ta dawo a yaye bargon. Inda ɗaukewar ta zama ruwan dare, a tanadi batir ko sola tun kafin a sayi ƙwai.

Tsako ya huda ɓawo tun jiya bai fito ba. In taimaka masa?

Yawanci a'a. A rana ta 19 ko 20 tsako yana huda tantani ya shiga gurbin iska, a lokacin ne ake jin kukansa daga cikin ƙwai. Daga nan ya yi ɗan rami a ɓawo, sai ya tsaya. Wannan tsayuwar tana iya kai awa 12 zuwa 24, kuma ba gajiya ce kawai ba: huhunsa ke koyon aiki, jinin da ke cikin jijiyoyin tantani yana komawa jikinsa, ragowar gwaiduwa tana shigewa cikinsa ta cibiya. Wanda ya ɓare shi a wannan lokacin zai ga jini, ko tsako da gwaiduwa a waje, kuma irin wannan da wuya ya rayu. In ya gama shiri zai zagaye ɓawon da baki, cikin awa ɗaya ko ƙasa da haka ya ture murfin ya faɗo.

Abin da ya fi cutar da su shi ne yawan buɗe inji. Kowace buɗewa tana fitar da danshi, tantanin waɗanda suka huda ya bushe ya ɗaure su. A bar waɗanda suka fito a ciki har su bushe, gashi ya tashi. Gwaiduwar da suka shanye tana riƙe su kwana biyu ba ci ba sha. In an wuce awa 24, tantanin ya koma ruwan ƙasa ya bushe, tsako yana kuka da ƙarfi amma ya kasa gaba, to a jiƙa tantanin da ruwan ɗumi a ɗan auduga, ba tare da ruwa ya shiga hancinsa ba, a ɓalle ɓawo kaɗan-kaɗan. Da an ga jini a tsaya, a mayar da shi, a jira wasu awoyi.

Ƙwai 30 na saka, 9 suka fito. Me ya faru?

Amsar tana cikin waɗanda ba su fito ba. A jira zuwa rana ta 23, sannan a fita waje, a sa safar hannu, a fasa su ɗaya bayan ɗaya ta ɓangaren mai faɗi. Aiki ne marar daɗi, amma babu abin da ya kai shi koyarwa.

In yawancinsu babu alamar komai, matsalar daga zakara ce: ya tsufa, ko kajin sun yi masa yawa, ko tsananin zafi ya rage masa ƙarfi, ko kuma ƙwan ya daɗe a ajiye. In akwai zoben jini ko ɗan ƙaramin tayi, mutuwar makon farko ce, a duba yadda aka ajiye ƙwan, da girgizar hanya, da zafin injin. Mutuwa a tsakiya ba ta cika yawa ba. In ta yi yawa, a tuhumi abincin iyayen, domin abin da kaza ta rasa na bitamin ba za ta iya zuba shi a ƙwai ba, ko kuma ƙazanta. In kuwa tsakin sun cika, da gashi da komai, amma sun mutu ba su huda ba, a dubi gurbin iska. Ƙarami ne kuma tsakon jiƙe sharkaf: danshi ya yi yawa tun farko. Tantani ya manne masa kamar leda: danshi ya yi ƙasa ko an yi ta buɗewa. Kansa yana wajen tsini: an jera ƙwan a kife ko ba a juya shi sosai ba. Rashin isasshiyar iska a kwanakin ƙarshe ma yana kashe su a wannan matakin, shi ya sa ake ƙara buɗe ƙofofin iska, ba toshe su don neman danshi ba.

A rubuta abin da aka gani, a gyara abu ɗaya a zagaye na gaba. In aka sauya komai lokaci guda, ba za a san wanne ya yi aiki ba. Samun 8 cikin kowane ƙwai 10 masu iri sakamako ne mai kyau a ƙaramin inji.

Ina zan sa tsakin bayan sun fito?

A kwali ko da'irar katako marar kusurwa, wadda aka ɗumama tun kafin su iso. Makon farko zafi digiri 32 zuwa 35 a daidai bayansu, a riƙa rage kamar digiri 3 kowane mako har gashinsu ya cika a mako na 5 ko 6. A sa fitilar ɗumama a gefe ɗaya, su sami inda za su gudu in sun ji zafi. Su da kansu za su gaya maka: in sun cunkushe ƙarƙashin fitila suna kuka, sanyi suke ji, in sun manne da bango baki a buɗe, zafi ya yi yawa, in sun taru a kusurwa ɗaya, iska ce ke kaɗa su, in sun bazu, wasu na ci wasu na barci, komai daidai ne. Mai amfani da kaskon gawayi ya kare shi da raga, kuma kada ya rufe ɗakin ruf, hayaƙinsa na kisa.

Ruwa ake fara ba su. A tsoma bakin kowanne sau ɗaya. Mazubin ya zama marar zurfi, a zuba tsakuwa a ciki, domin tsako na iya nutsewa a ruwan da bai kai gaɓar yatsa ba.

Me za su ci?

Daga rana ta farko zuwa mako 6 ko 8, abincin tsaki mai furotin kashi 18 zuwa 20 cikin 100. Daga nan na masu tasowa, mai kashi 15 zuwa 16, har su kusa fara ƙwai wajen mako na 18 zuwa 20. Sannan na masu ƙwai, mai furotin 16 zuwa 18 da kalsiyam kusan kashi 4. Kada a ba tsaki abincin masu ƙwai, yawan kalsiyam ɗinsa yana lalata musu ƙoda. Babbar kaza tana cin giram 110 zuwa 120 a rana, tana shan ruwa ninki biyu na haka, fiye ma in ana zafi. Hatsi zalla ba ya isa. Masu cin hatsi da ganye suna buƙatar ƙananan tsakuwa, da su ƙundu ke niƙa. Abincin da ya yi fumfuna a zubar, kada a shanya a sake ba su.

Waɗanne matsaloli ne suka fi yawa a makonnin farko?

Kashi ya bushe ya toshe dubura: a jiƙa da ruwan ɗumi a cire a hankali, a busar da tsakon, sannan a duba zafin wurin, domin daga nan abin ke tasowa. Ƙafafu su baje gefe da gefe: santsi ne ya jawo, irin na jarida ko leda. A sauya shimfiɗa, a haɗa ƙafafun da filasta, tazarar kusan santimita 3, na kwana 3 ko 4. Cibiya ta kumbura tana wari: ƙazantar inji ko ƙwai. Daga mako na 3 zuwa na 6 kuma sai kashin jini, inda tsaki ke takurewa fiffike a sake. Jiƙaƙƙiyar shimfiɗa ce ke haɓaka shi, kuma yana buƙatar magani da gaggawa daga likitan dabbobi.

Kaji kaɗan ma sai an yi musu rigakafi?

Ƙwarai. Cutar Niyukasul ba ta da magani, kuma tana iya share akurki cikin 'yan kwanaki: numfashi da ƙyar, koren zawo, wuya ya murɗe. Ana rigakafinta tun a makonnin farko, a maimaita duk wata 3 zuwa 4. Na cutar Gumboro wajen mako na biyu zuwa na uku, na cutar Marek ranar da aka ƙyanƙyashe, akwai kuma na ƙurajen kaji. Jadawalin ya danganta da cututtukan da ke yankin, likitan dabbobi ne zai tsara shi. Maganin rigakafi da sanyi ake ɗauko shi. Wanda ake sawa a ruwa, ruwan ya zama marar kulorin (sinadarin da ake sa wa ruwan famfo), a ɗan hana su sha na awa ɗaya ko biyu, su shanye cikin awa biyu. Ba a yi wa kazar da ta riga ta kamu.

Sabuwar kaza a keɓe ta aƙalla mako biyu kafin ta shiga cikin sauran. In kaji da yawa suka mutu farat ɗaya, kada a ci, kada a sayar, a sanar da hukumar kula da lafiyar dabbobi, domin murar tsuntsaye na iya kama mutum. A wanke hannu da sabulu bayan taɓa tsaki, musamman yara.

Me ya sa kajina suka rage ƙwai?

A fara duba ruwa, yankewarsa na rabin yini kawai tana nunawa a ƙwai. Sai zafi: kaza ba ta gumi, haki take yi, cinta ya ragu, ɓawon ƙwanta ya yi laushi. Sai haske, tana son awa 14 zuwa 16 a rana. Sauran dalilan su ne sauya gashi, kwanci, tsutsar ciki, ƙwarƙwata, firgici, da shekaru, domin bayan shekara ta biyu ƙwai yana raguwa. Mai sakin kaji kuma ya duba lunguna, wataƙila wani wuri suke zubawa.

Ana iya gane mace ko namiji tun a ƙwai?

A kiwon gida ba a iyawa. Dogon ƙwai ko zagayayye ba ya nuna komai. Kusan rabin duk abin da aka ƙyanƙyashe zakaru ne, kuma wajen mako 4 zuwa 6 ake fara gane su, zankonsu ya riga na matan girma da ja, ƙafa ta fi kauri. A san yadda za a yi da su tun kafin a kunna inji, ko sayarwa ko yanka, domin in suka balaga a wuri ɗaya za su addabi matan. Haka kuma zakaran da za a bari a riƙa sauya shi da na wani gida bayan shekara ɗaya ko biyu, don kada ya yi ta hawan 'ya'yansa iri ya raunana.

Yaya ake tsaftace inji bayan an gama?

Ranar da aka kwashe tsakin, kada a bari ya kwana. A cire shi daga wuta, a kwashe ɓawo, a share ƙurar gashin da ta maƙale a fanka da busasshen buroshi. Faranti da kwanon ruwa a wanke su da ruwan ɗumi da sabulu, sannan a bi su da maganin kashe ƙwayoyin cuta gwargwadon yadda aka rubuta a jikin kwalbar, ba tare da ruwa ya taɓa wayoyi da na'urar auna zafi ba. A bar shi a buɗe ya bushe sarai, kwana ɗaya ko biyu, sannan a sake kunna shi babu komai na awa 24 kafin a zuba sabon ƙwai.